Yadda ake amfani da "difficult to" a Turanci

Jama'a kalmar difficult ɗin nan tana ba ɗalibai wuya sosai, na sha gani a littafin yaran da nake koyarwa. Bayanta sai ka sa to, sannan aikatau tsurarsa, babu ing babu ed: "It is difficult to sleep in this heat", wato barci na wuya a zafin nan. In kuma kana so ka nuna wanda abin yake wahalarwa sai ka saka for kafin to ɗin, "It is difficult for me to understand maths". Amma don Allah kar ka ce "I am difficult to understand", nan fa cewa ka yi kai ne ba a gane maka, ba lissafin ba. Easy ma haka take tafiya.