Idan `code .` ya ƙi buɗe VS Code daga cikin WSL

Duk wanda ya turo min hoton allon kwamfutarsa yana cewa ya buga `code .` (umarnin buɗe foldar da kake ciki a VS Code, manhajar rubuta code) a Ubuntu ɗin WSL (tsarin da ke ba ka damar gudanar da Linux a cikin Windows) bai ga komai ba, tambayata ta farko ita ce: me taminal ta rubuta maka? Amsar da na fi samu ita ce "wallahi kawai ya ƙi". To ai ba haka kawai ya ƙi ba. Akwai layin da ta rubuto, kuma shi ne zai nuna maka inda za ka dosa. Kada ka yi gaggawar goge Ubuntu ka sake sakawa, asarar data ce da lokaci.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, `code` ɗin da kake kira ba ɗan gida ba ne a Linux, baƙo ne daga Windows. Idan ka buga umarnin, Ubuntu zai je ya nemo wani ɗan fayil mai suna `code` a cikin foldar VS Code ta Windows, fayil ɗin ya tayar da Code.exe, sannan a sauke VS Code Server a cikin `~/.vscode-server` domin ɓangarorin biyu su riƙa jin juna. A ɗaya daga cikin waɗannan gaɓoɓin ne abin yake tsayawa.

Mu fara da wanda ya fi yawa, wato `command not found`. Ma'anarsa Ubuntu bai san inda fayil ɗin yake ba, wato foldarsa ba ta cikin PATH, jerin foldojin da yake dubawa idan ka buga umarni. Buga wannan:

`echo $PATH | tr ':' '\n' | grep -i code`

Idan lafiya lau ne, za ka ga wani layi kamar `/mnt/c/Users/sunanka/AppData/Local/Programs/Microsoft VS Code/bin`, ko kuma `/mnt/c/Program Files/Microsoft VS Code/bin` in an saka wa duk masu amfani da kwamfutar ne. Idan bai fito ba, ka cire ɓangaren `grep` ka duba jerin gaba ɗaya, ka ga ko akwai wani layi da ya fara da `/mnt/c`.

In akwai irinsu amma babu na VS Code, to matsalar daga Windows take. Lokacin saka manhajar akwai ɗan akwatin da aka rubuta "Add to PATH" a gefensa, wataƙila an cire alamar da ke ciki. Sake kunna fayil ɗin sakawar a kan wanda yake nan, ka tabbatar akwatin yana da alama, saitunanka ba za su ɓace ba. Daga nan ka buɗe PowerShell ka buga `wsl --shutdown`, ka ɗan jira kamar daƙiƙa 8, sannan ka sake buɗe Ubuntu. Rufe tagar taminal kaɗai ba lallai ya isa ba, domin WSL yakan ci gaba da aiki a ɓoye.

In kuwa babu ko layi ɗaya mai `/mnt/c`, wani abu ne a cikin Linux ya share su. Wuri biyu nake dubawa. Na farko `/etc/wsl.conf`, fayil ɗin saitunan WSL. Idan ka ga `appendWindowsPath=false` a ƙarƙashin `[interop]`, ga mai laifin nan. Mutane da yawa da hannunsu suka saka shi, bayan sun karanta cewa yana sa taminal ta yi sauri, kuma ba ƙarya ba ne, sai dai ba a gaya musu zai tafi da `code` ba. Ko dai ka mayar da shi `true`, ko ka bar shi yadda yake ka ƙara foldar VS Code kaɗai a ƙarshen `~/.bashrc`:

`export PATH="$PATH:/mnt/c/Users/sunanka/AppData/Local/Programs/Microsoft VS Code/bin"`

Ni na fi son wannan ta biyun. Amma ka lura da abu biyu: alamomin `"` ɗin nan dole ne, saboda akwai tazara a sunan foldar, kuma sunan da za ka saka na Windows ne, ba na Ubuntu ba. Sau da yawa ba iri ɗaya ba ne, musamman kwamfutar da aka sayo ta hannu, wadda har yanzu sunan mai ita na farko ne a kan foldar. Buga `ls /mnt/c/Users` ka gani da idonka.

Wuri na biyu shi ne `~/.bashrc` ɗin kansa, ko `~/.zshrc` ga masu zsh. Nemi duk layin da ya fara da `export PATH=` wanda babu `$PATH` a cikinsa. Irin wannan layi ba ƙari yake yi ba, share tsohon jerin yake yi ya kafa nasa. Yawanci kwafo shi ake yi daga bayanin saka wata manhaja, a manta da shi.

Sai kuma saƙon da ya fi tayar wa mutane da hankali: `Exec format error`. A nan an samo fayil ɗin, amma Linux ya kasa tayar da manhajar Windows. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka buga `notepad.exe`. Idan Notepad ma ya ƙi buɗewa, to ka wanke VS Code, ba laifinsa ba ne. WSL yana yi wa Linux rajistar wata ƙa'ida da ke cewa duk fayil ɗin da ya fara da haruffan MZ, wato shaidar manhajojin Windows, a miƙa shi ga `/init`. Wannan rajistar takan ɓace, musamman a wurin waɗanda suka kunna `systemd=true` a cikin `wsl.conf`. Duba ta da `ls /proc/sys/fs/binfmt_misc`. Idan babu wani abu mai suna WSLInterop a ciki, fara da `wsl --shutdown`, sau da yawa shi kaɗai yana dawo da ita. In ta ci gaba da ɓacewa, rubuta ta da kanka:

`sudo sh -c 'echo :WSLInterop:M::MZ::/init:PF > /usr/lib/binfmt.d/WSLInterop.conf'`

Sannan `sudo systemctl restart systemd-binfmt`. Ka kuma leƙa `wsl.conf` ka tabbatar ba a rubuta `enabled=false` a ƙarƙashin `[interop]` ba.

Akwai kuma wanda umarnin zai karɓa, ya rubuta cewa yana saka VS Code Server, sai ya tsaya cik a wajen saukewa. Wannan galibi sabis ne. Kowace fitowar VS Code tana da nata Server ɗin, don haka duk sanda manhajar ta sabunta kanta a Windows, sai an sake sauke wani a Ubuntu. Idan intanet ya yanke ana tsaka da haka, rabin fayil ne zai zauna ya hana ruwa gudu. Share shi da `rm -rf ~/.vscode-server`, ka karanta abin da ka buga sau biyu kafin ka danna Enter, sannan ka sake kiran `code .` lokacin da sabis ya daidaita. Ƙare-ƙaren VS Code (extensions) da ka saka a ɓangaren Linux za su tafi tare da foldar, sai ka sake saka su. In kana kan VPN, kashe shi tukuna. Masu Debian kuma su buga `sudo apt install wget ca-certificates`, domin da su ake saukewar.

Idan Ubuntu ɗinka 18.04 ne, wannan wani zance ne daban. Tun fitowa ta 1.86 a farkon 2024 VS Code ya koma neman glibc (wani ginshiƙin Linux da manhajoji ke dogara da shi) 2.28 ko sama, shi kuwa 18.04 yana da 2.27. `ldd --version` zai nuna maka naka. Ka koma 22.04 ko 24.04 kawai, ya fi maka kwanciyar hankali.

Kada ka saka VS Code a cikin Ubuntu da `apt` ko `snap` don ka huce haushi. In `which code` ya nuna maka `/usr/bin/code` ko `/snap/bin/code`, na Linux ne ya tare gaba, cire shi. Haka nan `sudo code .` ba zai yi ba, domin `sudo` yana da nasa jerin PATH ɗin da babu Windows a ciki.

Idan tagar ta buɗe, duba kusurwar hagu ta ƙasa. Ya kamata ka ga an rubuta "WSL: Ubuntu". In babu, ƙarin WSL na Microsoft ne ba ka saka ba. Danna Ctrl+Shift+X, rubuta WSL, saka wanda Microsoft ya fitar, ka rufe VS Code ka sake kiransa daga taminal.