Bashin Haraji Ya Taru: Ta Ina Za a Fara, Wa Kuma Za a Nema?

Bashin haraji abu uku ne a dunƙule: asalin harajin, tarar jinkiri, da kuɗin ruwa da ke hawa kansu. Na biyu da na uku shiru ne ke kiwon su. Don haka aikin farko shi ne ka buɗe duk wasiƙun da hukumar haraji ta aiko, ka jera su bisa kwanan wata, ka fitar da abu uku daga kowacce: shekarar da ake magana a kai, adadin da ake bin ka, da wa'adin ba da amsa. Wa'adin ya fi adadin muhimmanci, domin idan ya wuce, damar ƙalubalantar lissafin takan tafi da shi. A Amurka, alal misali, kwana 90 ne mutum ke da shi ya kai ƙara kotun haraji bayan an aiko masa da sanarwar giɓin haraji, wato takardar da ke cewa harajin da ya kamata ya biya ya fi wanda ya bayyana.

Daga nan sai ka miƙa fom ɗin harajin duk shekarun da ka tsallake, ko da ba ka da abin biya a hannu. Nan ne mutane da yawa ke cutar kansu, suna cewa sai kuɗi ya samu za su miƙa. Rashin miƙa fom da rashin biya laifi biyu ne daban, kuma na farkon kan fi tsada. Hukumar harajin Amurka, IRS, tana cin tarar kashi 5 cikin 100 a kowane wata kan rashin miƙawa, har ya kai kashi 25, alhali tarar rashin biya rabin kashi 1 ce a wata. Bambancin ninki goma ke nan. Ga wata illar kuma: idan ba ka miƙa ba, hukuma na iya yi maka ƙiyasi da bayanan da ta samu daga banki ko wurin aikinka, ba tare da cire kuɗin da ka kashe wajen gudanar da sana'a ba. Irin wannan lissafi kan zarce abin da ya wajaba a kanka.

Tattara bayanan asusun banki, takardun albashi, rasitai da shaidar duk abin da ka taɓa biya, shekara-shekara. Ka kuma nemi hukumar ta ba ka kwafin bayanan asusunka da ke hannunta, ka gwada da naka. Sau da yawa akan tarar an biya kuɗi amma an zuba shi a wata shekara daban.

Idan adadin ya tabbata, hanyar da aka fi bi ita ce yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan. A Ingila ma hukumar haraji, HMRC, na da irin wannan tsari. Kada ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka don a ga kana da niyya. Tsallake biya na iya rushe yarjejeniyar, a koma batun toshe asusu ko cirewa daga albashi. Ana iya roƙon a yafe tara idan akwai uzuri mai shaida, kamar doguwar jinya ko gobara. Kuɗin ruwa kuwa da wuya a yafe shi.

Bashin shekara ɗaya na mai albashi, shi kansa zai iya warwarewa. Amma idan shekarun sun yi yawa, ko akwai kamfani a ciki, ko an fara binciken littattafanka, nemi akanta ko ƙwararren haraji mai lasisi. Idan kuwa akwai kuɗin shiga da aka ɓoye da gangan, lauya za ka fara gani kafin kowa, saboda doka ta fi kare sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa.

Kafin ka sa hannu da duk wanda za ka ɗauka, tambaye shi lambar rajistarsa ka bincika a ƙungiyar da ta ba shi lasisi. A rubuta aikin da zai yi da ladansa. Takardar wakilcin da za ka ba shi ta ambaci shekarun da irin harajin da ta shafa, kuma ka riƙe kwafin duk abin da ya miƙa da sunanka, tunda kai doka za ta tuhuma idan an yi ƙarya. Wanda ya yi maka alkawarin za a yafe yawancin bashin tun bai ga takardunka ba, ko ya ce ka tura kuɗin harajin asusunsa, rabu da shi. Sassaucin bashi yana nan, amma sai hukuma ta auna kuɗin shigarka da kadarorinka ta ga ba za ka iya biya ba.

Mai kamfani ya fara da harajin da ya cire daga albashin ma'aikata bai miƙa ba. Wannan amana ce a hannunsa, kuma a ƙasashe da dama ana iya bin shi da kansa ko da kamfanin ya rufe. Harajin bana kuma a biya shi a kan lokaci, don sabon bashi kan soke yarjejeniyar tsohon.