Ruwan sanyi na ranar kallon ƙwallo

Masu fita da yara kallon ƙwallo ko wasan makaɗa a wannan bazarar, ku daskarar da ruwanku tun da dare.

Ku zuba ruwa a gorar roba mai lita ɗaya da rabi, ya tsaya kashi uku cikin huɗu. Ku kwantar da ita a karkace cikin firiza. Ruwa yana kumbura in ya zama ƙanƙara, cikakkiyar gora tana iya tsagewa. Kwalba kuwa kada ma a gwada.

Lokacin fita ku ƙarasa cika ta, ku naɗe da tawul ko tsohuwar jarida, a tura tsakiyar jaka. Dunƙulen ƙanƙara ya fi ƙanana daɗewa bai narke ba, tawul kuma yana tare zafi. Wasan ƙarfe 4 zai tashi ruwanku da sauran sanyi, ba ku biya tsadar bakin ƙofa ba.

Zoɓo ma yana yi, sai dai sukari yana jinkirta daskarewarsa.

In an ɗauke wuta da dare, ku sayi ƙanƙarar leda da safe. Wasu filayen kuma masu tsaro suna hana shiga da gora saboda jifa, to a nan fiya wata ya fi.