Yadda ake gyara agogon kwafi mai kuronogiraf ba tare da ya shekara a hannun mai gyara ba

Yawancin waɗanda na ga agogonsu ya yi wata da watanni a akwatin mai gyara, kuskurensu iri ɗaya ne: sun miƙa agogon tun ba su san injin da ke cikinsa ba. Ina magana ne a kan agogon kwafi, irin wanda ake kwaikwayon Rolex Daytona ko Omega Speedmaster ko Breitling, mai kuronogiraf, wato allurar auna tsawon lokaci da ake kunnawa a tsayar da maɓalli, mai maɓallai biyu a gefe da ƙananan da'irori a fuska, wanda ba ya aiki da batir. Kamfanin da sunansa ke rubuce a fuskar ba zai karɓe shi gyara ba, masana'antar da ta haɗa shi a China kuwa ba ta da ofishin da za ka kai ƙorafi. Neman kayan gyara a wuyanka yake, kuma daga nan je-ka-ka-dawo ke farawa.

Da farko ka sa a buɗe bayan agogon a gabanka, ka ɗauki hoton injin da waya a wuri mai haske, ka ɗauki na fuskar ma. Kusan ko yaushe ɗaya daga cikin uku za ka tarar. Akwai wanda ake kira Asian 7750, kwafin Valjoux 7750 na Suwizalan da ya fito a farkon shekarun 1970. Za ka gane shi da farantin nan mai wana agogo, wanda ke juyawa sakaka ta gefe ɗaya har ka ji motsinsa a tsintsiyar hannunka. Akwai Seagull ST19 na birnin Tianjin, wanda aka gina a kan tsohon Venus 175. Shi da hannu ake wana shi, ba shi da faranti. Sai kwafin 4130, kwaikwayon injin da Rolex ta sa a Daytona daga shekarar 2000 zuwa 2023. Idan ka ga batir a ciki, wataƙila Seiko VK63 ne, kuma ka huta, domin canza shi ba wuya. Idan kuma ka danna maɓalli sai ka ga rana ko wata ya canza a ƙaramar da'ira, to babu kuronogiraf a agogonka, ado ne kawai.

Yanzu ka dubi inda ƙaramar allurar daƙiƙa take, wadda ke tafiya ko ba ka danna komai ba. A tsarin 7750 na asali tana wajen ƙarfe 9, mai ƙirga mintoci tana 12, mai ƙirga awanni tana 6. Daytona ta zamani kuwa daƙiƙarta tana 6. Don su daidaita wannan, masu kwafi sukan ɗora wani ƙarin faranti da 'yan faya-fayai masu haƙora a ƙarƙashin fuskar, su kai motsin daga 9 zuwa 6. Sau da yawa waɗannan faya-fayan ba su da jan dutsen da ke rage guga, man da aka sa musu ma kaɗan ne, sai su riƙa cin juna har agogon ya fara tsayawa. Wannan ƙarin ba ya cikin injin Suwizalan, saboda haka babu dillalin kayan ETA, kamfanin da ke yin 7750 na asali, a duniya da zai sayar maka da shi. Duk mai gyaran da ya ce "zan nemo a kasuwa" bai fahimci abin da ke gabansa ba.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka bambance ciwon inji da ciwon allura. Idan babbar allurar kuronogiraf ba ta komawa daidai kan 12 in ka danna maɓallin ƙasa, kuma kullum wurin tsayawarta daban, galibi bututunta ne ya saki a kan sandar da take zaune, inji lafiya lau. Idan agogon yana gudu fiye da kima kwatsam, a fara cire masa maganaɗisu, aikin minti ɗaya ne.

Sai zaɓen mai gyara. Mai canza batir da madauri a bakin kasuwa yana da nasa amfanin, amma kada ka ba shi wannan aiki. Ka tambaya kai tsaye: "Malam, ka taɓa kwance 7750 ka mayar?" Ka duba ko yana da na'urar auna bugun agogo da abin cire allura, ko kuwa da bakin sukudireba yake ɓamɓarowa. Kuma ka faɗa masa gaskiya cewa kwafi ne. Wasu suna jin nauyin faɗa, sai mai gyara ya ɓata makonni yana neman kayan orijinal da ba za su shiga ba.

Ga matakin da ya fi kayar da mutane, kuma a nan zan daɗe. Ƙa'idata ita ce: kada agogo ya kwana a wurin mai gyara sai kayan gyara sun iso hannunka. Ya duba, ya faɗi abin da ya lalace, ya rufe, ka koma gida da kayanka. Agogon da aka kwance aka zuba a gwangwani ana jiran saƙo daga China, noti ɗaya zai ɓace, ƙurar hunturu ta shiga, wani yaron shago ya haɗa kayansa da na wani. Bayan wata uku ko kayan sun zo, aikin ya zama biyu.

Kuma kada ka yi odar ƙwaya ɗaya, ka sayi inji sukutum. Dalili shi ne masana'antu daban-daban ne ke yin Asian 7750, kuma awonsu bai zama ɗaya ba. Akwai mai bugu 21,600 a awa, akwai mai 28,800, kayansu da yawa ba sa shiga juna. Wasu kayan ETA na asali ko na Sellita SW500, wani injin Suwizalan mai tsarin 7750, sukan shiga, wasu su ƙi saboda bambancin kaurin da ido ba ya gani, kuma ba za ka sani ba sai an gwada. Ga shi tun ƙarshen 2015 kamfanin Swatch, mai ETA, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayan gyara, sai samunsu ya ƙara wuya da tsada. Idan ka yi odar sifirin ɗaya ka jira mako shida ya zo bai shiga ba, ka koma farkon layi. Inji sukutum kuwa, ko a dasa shi gaba ɗaya, ko a riƙa cirar abin da ake buƙata a jikinsa. A Turai ma, inda kuɗin aikin kwance kuronogiraf ya kan fi kuɗin sabon injin China, dasawa ake yi.

Amma dasawar ma tana da tarko. Ka tura wa mai sayarwa hotunan nan biyu, ka sa ya tabbatar maka a rubuce da wurin daƙiƙa, da saurin bugu, da wurin tagar kwanan wata, da tsawon sandunan da allurai ke zama a kai. Na sha ganin inji sabo fil ya iso, komai daidai, amma sandunan sun gaza tsawo, allura tana gugar fuska. Sannan ka haɗa da saitin allurai a oda ɗaya, ko da naka lafiyarsu ƙalau. Bututun allurar kwafi siriri ne, ya kan tsage wajen cirewa, kuma babu abin takaici kamar inji ya zauna daram a rasa allurar da za a ɗora masa. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in aka gwada da wani sabon jira. Ka ƙara da sandar wana agogo guda biyu, domin sai an yanke ta daidai da gidan agogon, kuma yankan farko ya kan zarce. Tsohon faifan kwanan wata kada a yar, sau da yawa shi ake mayarwa don lambobin su dace da taga.

Ga mai ST19 abin ya zo da sauƙi: Seagull kamfani ne sananne, injin a fili ake sayar da shi, ba shi da tsada. Mai kwafin 4130 kuwa ya shirya haƙuri. Masana'antun da ke yin sa ba su cika sayar da kayansa ɗai-ɗai ba, wani lokaci hukuma ta rufe masana'antar gaba ɗaya, kayan Rolex na asali kuma, in ma an samu, ƙwaya ɗaya tana iya kusan kai kuɗin agogon.

Ka lura da kalanda. Sabuwar shekarar China tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu da masu aika kaya sukan rufe na makonni, sannan akwai hutun makon farko na Oktoba. Odar da aka yi gab da waɗannan lokuta zama take yi. Idan kana da ɗan kasuwa mai zuwa Guangzhou, ba shi saƙon ya fi komai sauri, amma ka rubuta masa bayanin a takarda, kada ka dogara da baki. Mayar da agogon kansa China don gyara ban ba da shawara ba ko kaɗan: kaya ne mai ɗauke da sunan kamfani na jabu, kwastan na kowace ƙasa suna da ikon riƙe shi, kuma ba ka da bakin magana.

In kaya sun iso, ku yi ciniki, ku sa rana, ka ba da kafin alƙalami kaɗan, sauran sai an gama. Ka ce a sa wa sabon injin mai kafin a dasa, domin da yawa a bushe suke fitowa. Wajen karɓa ka kunna kuronogiraf ya wuce awa ɗaya ka ga allurar minti da ta awa suna tafiya, ka tsayar, ka mayar sau biyar, kowane karo su koma kan sifili. Ka wana shi ya cika ka ajiye. 7750 mai lafiya zai kai awa 40. Ka karɓi tsohon injinka, safaya ne. Daga nan kada ka canza kwanan wata tsakanin 8 na dare da 2 na dare, kada ka danna maɓallin ƙasa allura tana tafiya, kuma ka cire shi kafin alwala, domin robar maɓallan kwafi ba abin dogaro ba ce.