Malamin da aka tura ƙauye, ga yadda za ka yi da kaɗaici

Ba albashi kaɗai ke kashe ma malami gwiwa ba, wallahi kaɗaici ma yana ci. Tun 2017 da gwamnatin El-Rufai a jihar Kaduna ta sallami malaman firamare sama da dubu 21 ta ɗauki sababbi, sai ka ga matashi ɗan Rigasa ko Kawo an cilla shi Giwa ko Kajuru bai san kowa ba, ana tashi makaranta sai ɗaki sai waya, netwok ɗin ma sai ya hau tudu, a hankali aikin da yake so ya fita ransa.

Satin farko ka roƙi hedimasta ya raka ka ka gaida mai unguwa da liman, in akwai coci har da fasto. Magariba ka yi ta a masallacin gari, ka ɗan zauna wajen mai shayi ko ba ka sha. Malama ke kuma ki shiga gidajen maƙwabta, suna ko biki kar ya wuce ki. In iyaye suka san ka yaro ma rage fashi yake.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne abokan aikinka. Lokacin tashin tara kar kowa ya kama gabansa, ku haɗa kuɗi ku sayi ƙosai ku ci tare, ku kafa adashi ko na dubu biyu ne. Sannan ka ce ma wani tsohon malami, Malam don Allah shigo ajina ka ga yadda nake koyar da rabawa, kai ma ka zauna a bayan nasa ajin. Mu malamai muna jin kunyar wannan kuma bai kamata ba, don ranar da ya nuna maka dabarar murafen kwalba ka ga yaran da suka gagare ka sun gane, daɗin da za ka ji ba kaɗan ba ne.

Ƙarshen mako ka nemi karatun NTI, wato cibiyar horar da malamai ta ƙasa, hedikwatarsu na nan Rigachikun kuma suna da cibiyoyi, ga takarda ga sababbin abokai. Taron NUT, ƙungiyar malamai ta ƙasa, ma ka riƙa leƙawa.

In kuwa abin ya kai barci ya ƙaurace maka, abinci ba ya shiga har sati da sati, to ka faɗa ma wani naka ya raka ka wajen likita, asibitin tarayya na Barnawa suna duba irin wannan damuwar.