Yadda za ka shiga aikin sa-kai na WordPress ko da ba ka iya kodin ba

Jama'a assalamu alaikum. Tun da na fara yi wa abokai maganar fassara WordPress zuwa Hausa tambaya uku ce ke ta dawo min, wai ta ina ake shiga, sai wanda ya iya kodin ne ke yi, sannan nawa ake biya. Bari in fara da ta ƙarshen don kar wani ya ɓata datarsa, ba a biyan ko sisi. Aikin gayya ne, irin wanda ake yi a gona, kowa ya zo da fartanyarsa a yi a tashi, sai dai ita wannan gonar kowa na ci daga cikinta har wanda bai zo noman ba.

Ga wanda bai sani ba, WordPress manhaja ce da ake gina shafin intanet da ita, ka sa rubutu da hoto da bidiyo, ka gyara ka goge ba tare da ka rubuta layin kod ko ɗaya ba. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fito da ita a watan Mayun 2003, su ma ba daga sama suka ƙirƙiro ta ba, wata tsohuwar manhaja ce mai suna b2/cafelog suka ɗauka suka ɗora a kai, kuma lasisin GPL ne ya ba su wannan damar, shi ne lasisin da ya ce kowa zai iya ɗauka ya duba cikinta ya gyara ya raba wa wasu. Yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kanta suke zaune. Da yawa daga jaridunmu na intanet da shafukan makarantu da na 'yan kasuwa da ita aka yi su, wasu masu shafin ma ba su san sunanta ba, yaron da ya haɗa musu ne ya sani.

Abu ɗaya da ke rikita sababbin shiga, WordPress.com daban WordPress.org daban. Na farkon kasuwanci ne na kamfanin Automattic, na biyun shi ne gidan aikin gayyar. To can za ka je.

Matakin farko ka buɗe akawun a WordPress.org, kyauta ne, imel kawai ake so. Amma don Allah ka tsaya ka yi tunani kafin ka zaɓi sunan da za ka riƙa shiga da shi, domin ba a canza shi, kuma duk aikin da ka yi da wannan sunan za a rubuta shi a shafinka, in ka sa irin sunan nan na samartaka da lambobi a baya, nan da shekara biyar lokacin da kake son nuna wa mai ba da aiki abin da ka yi, da shi zai gan ka. Sa sunanka na gaskiya ko wani abu mai kama da shi.

Daga nan ka wuce make.wordpress.org, nan za ka ga tawagogin a jere. Akwai Core masu rubuta ainihin manhajar, akwai Design, akwai Accessibility masu kula da yadda makafi da sauran masu buƙata ta musamman za su iya amfani da ita, akwai masu rubuta bayanin yadda ake aiki da ita, masu amsa tambayoyin waɗanda suka maƙale, masu gwaji, masu koyarwa, masu shirya taro, sai kuma Polyglots wato masu fassara. Kar ka ce za ka shiga duka. Na ga waɗanda suka yi haka, sati biyu suka ɓace. Ɗauki ɗaya. Kuma ni in ka tambaye ni, Bahaushe ko Bahaushiya da ke jin Turanci daidai gwargwado, fassara ce ƙofarsa, saboda gyaran kod akwai dubban mutane a duniya da za su iya, amma mayar da abin nan Hausa in ba mu ba babu mai yi.

Wurin fassarar shi ne translate.wordpress.org. Ka shiga da akawun ɗinka, ka nemi Hausa a cikin jerin harsuna, alamarta hau, za ka ga kason da aka riga aka fassara da wanda ya rage. Ka fara da ita WordPress ɗin kanta kafin ka taɓa fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress don ta yi wani ƙarin aiki, ko rigunan shafi, wato abin da ke ba shafi kamanninsa, domin fulogin kaɗai sun haura dubu 50, in ka faɗa can ba za ka ga ƙarshen ruwan ba. Za ka ga jimloli a jere, ka danna guda, akwati ya buɗe, ka rubuta Hausarta ka tura. Shi ke nan ka zama mai ba da gudummawa, har a waya ana yi, ni yawanci bayan isha'i nake yin nawa in gida ya yi shiru.

Abin da ka tura ba ya shiga kai tsaye. Zai zama ruwan ɗorawa, ma'ana yana jiran mai dubawa, in editan fassara ya amince ya koma kore, in ya ƙi ya zama ja. Editocin nan iri biyu ne, akwai wanda ake kira GTE mai iko da duk fassarar harshen, akwai PTE mai kula da fulogin ko rigar shafi guda. Su ma 'yan sa-kai ne irinka, suna da aikinsu da iyalinsu, don haka in abinka ya kwana biyu yana jira kar ranka ya ɓaci, ka yi musu magana cikin ladabi.

Yanzu ga inda aikin yake da daɗi kuma yake da wuya.

Za ka riƙa cin karo da wasu alamomi kamar %s da %d da %1$s. Waɗannan gurbi ne, manhajar ce za ta cike su da suna ko lamba in lokaci ya yi. Misali gaisuwar nan da ke saman shafi in ka shiga, "Howdy, %s", wannan %s ɗin sunanka ne zai zauna a wurin, to sai ka rubuta "Sannu, %s" ko "Barka da zuwa, %s". A farkon shigata na goge irin wannan alamar a jimloli da yawa a dare ɗaya don na ɗauka datti ne, da aka zo dubawa duk aka mayar min da su ja, raina ya sosu ƙwarai don na ɓata lokaci a kansu, amma tun daga ranar ban sake ba. Ba a goge su, ba a fassara su, sai dai ana iya matsar da su inda Hausa ta ce su zauna. Turanci na sa lamba kafin suna, mu muna sa ta a baya, don haka "%s comments" ba "%s sharhi" ba ne, "sharhi %s" ne, yadda in lambar ta fito za a karanta sharhi 5 kamar yadda kowa ke faɗa. Haka alamomin HTML, waɗannan masu kama da bakin kibiya, ka bar su yadda ka same su ka fassara abin da ke tsakaninsu kawai.

Sai matsalar ka da ki. Bature zai ce "you" ya wuce abinsa, mu kuwa dole mu san da wa muke magana. In ka rubuta "Ka tabbata kana so ka goge?" to ka bar mata a waje, kuma Allah ya sani mata da yawa ne ke riƙe da shafukan sayar da kaya da na girki da na makarantu. In ka rubuta ka/ki kana/kina a ko'ina kuma abin ya yi muni a ido, maɓalli ya cika. Ni abin da na fi so shi ne a kauce wa duka biyun, a ce "A goge wannan?" ko "An tabbata za a goge?", wasu kuma sun fi son "ku" na girmamawa. Duk wanda aka zaɓa, babban abu shi ne a tsaya a kansa, kar shafi ɗaya ya ce ka, na gaba ya ce ku, na uku ya ce a.

Wannan ya kawo mu kan kalmomi. Kafin ka ƙirƙiro sabuwar kalma ka bincika yadda waɗanda suka riga ka suka fassara ta, akwai wurin bincike a saman jerin, kuma kowane harshe yana da damar ajiye ƙamus ɗinsa na kalmomin da aka amince da su. In an riga an saba da wallafa da daftari da saituna da kalmar sirri da kwandon shara, kai ma bi sahu, ko da kana ganin taka ta fi daɗi. In kana da hujja ka kawo ta a tattauna a canza gaba ɗaya. Kuma ka riƙa duba ɗan bayanin da ke gefen jimla, saboda kalma irin "Post" wani wuri suna ce wani wuri aikatau, "May" wani wuri watan Mayu ne, in ba ka duba ba sai ka yi aika-aika. Ma'aunina kullum shi ne, in na karanta wa ƙanwata wannan jimlar a waya za ta gane abin da za ta danna? In sai na yi mata ƙarin bayani to fassarar ba ta yi ba. Hausar rediyo nake nufi, wadda mutumin Kano da na Damagaram da na zangon Kumasi duk za su ji su gane, ba wadda sai an buɗe ƙamus ba.

Haruffa masu lanƙwasa kuma, ɓ da ɗ da ƙ da 'y, a hira ta WhatsApp duk muna sakaci da su, amma a nan don Allah a sa su. Gboard yana da allon Hausa, ka ƙara shi a saitunan wayarka minti ɗaya ne. Kowa ya san bambancin kafa da ƙafa.

Wata magana da nake so in yi da babbar murya, kar ka kwaso fassarar inji ka zuba. Na san akwai jaraba, ka ga jimla dubu ka ce bari in gama su yau in ga sunana a sama. Wallahi wahala kawai kake ƙara wa mai dubawa, domin sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma in ya ga goman farko duk shirme ne zai iya watsar da sauran duka, har masu kyaun da ke ciki. Jimla goma da ka zauna ka tauna sun fi ɗari biyar na inji. Ka fara da kaɗan, ashirin ko talatin, ka jira a duba, ka ga abin da aka gyara maka, sannan ka ƙara.

Hirar yau da kullum ta masu aikin a Slack ake yinta, wata manhajar hira ce mai ɗakuna daban-daban, za ka samu hanyar shiga a make.wordpress.org/chat da akawun ɗinka na WordPress.org, ɗakin masu fassara sunansa polyglots. Ka shiga ka gabatar da kanka, layi biyu ya isa, sunana wane daga wuri kaza ina fassara zuwa Hausa. Turancinka ba sai ya zama na Ingila ba, yawancin mutanen ciki su ma ba harshensu ba ne. Lokutan taro da agogon UTC ake rubuta su, wato agogon GMT, mu a Najeriya da Nijar sai ka ƙara awa ɗaya, in an ce ƙarfe 1 na rana to ƙarfe 2 ne a wurinmu, 'yan uwanmu na Gana kuwa daidai yake da agogonsu.

In fassara ba ta kwanta maka ba akwai sauran ƙofofi. Mai son gwaji zai iya buɗe WordPress Playground, WordPress ce cikakkiya da ke tashi a cikin burauza ba sai ka sayi wurin ajiye shafi ba, ka gwada sabon abu kafin a sake shi, in ka ga ya lalace ka rubuta matakan da ka bi har ya lalace da irin waya ko kwamfutar da kake amfani da ita, wannan rahoton kaɗai babban taimako ne. Mai kodin, musamman PHP da JavaScript, ya duba Trac inda ake ajiye matsalolin Core, akwai waɗanda aka yi wa alamar good-first-bug saboda sababbi, shi kuma Gutenberg, wato wurin da ake rubutu da tsara shafi a cikin WordPress, da ya shigo tun WordPress 5.0 a Disambar 2018 aikinsa a GitHub yake. In gyaranka ya shiga za a rubuta sunanka cikin waɗanda suka yi wannan fitowar. Mai ɗaukar hoto ma yana da wuri, akwai taskar hotuna ta WordPress da kowa zai iya ɗauka kyauta, sharaɗin dai hoton naka ne kuma babu fuskar mutum a ciki, ina matuƙar son in ga marinar Ƙofar Mata da rumbunan ƙauye da kwanon fura sun yawaita a wurin.

Akwai kuma taron WordCamp, na farko a San Francisco aka yi shi a 2006, an kuma sha yinsa a Legas. Yawanci ana haɗa shi da ranar masu ba da gudummawa, inda za ka zauna teburi ɗaya da waɗanda suka daɗe suna yi su nuna maka da hannu. In kuɗin mota ya yi maka yawa, ku haɗu ku huɗu ko biyar a garinku ranar Asabar inda akwai wuta da netwok, kowa da wayarsa, ku ɗauki sashe guda ku yi ta muhawara a kan kalma har ku daidaita. Mu da muka gwada haka kusan awa guda muka yi a kan "Dashboard" kaɗai, wato shafin farko da mai shafi ke gani in ya shiga ciki, wani ya ce allon sarrafawa wani ya ce babban allo, ƙarshe muka rubuta duka biyun muka tura wa mai dubawa ya raba mana gardama.

Kamfanoni masu cin abinci da WordPress akwai kiran da Mullenweg ya yi musu tun 2014, Five for the Future, wato su ba da kashi 5 cikin 100 na lokacinsu ga aikin. Kai ma in kana haɗa wa mutane shafi kana karɓar kuɗi, lissafa ka gani, kashi 5 na awa 40 awa 2 ne kacal a sati. Ka ware su, ka sa musu rana, ni tawa daren Talata ce da safiyar Asabar.