Kurakuran da aka fi yi wajen bibiyar zare a ƙananan na'urori

Matasan da ke haɗa na'urar sarrafa famfon sola a lambunan bakin Gulbin Maraɗi sukan zo mini da kuka iri ɗaya: allon ya ɗau zafi, ya tsaya cak. Nan take sai a ɗora wa zafin Afrilu laifi, alhali wani zare ne guda (thread, wato ɗaya daga layukan aikin da shiri ke gudanarwa tare) a cikin shirin ke cinye ƙarfin furosesa, ba a kuma auna shi daidai ba.

A Linux, umarnin top, mai nuna abin da ke cin ƙarfin furosesa, in shi kaɗai ne a dunƙule yake nuna shirin. Ƙara masa -H, kowane zare zai fito da layinsa. In allonka na amfani da BusyBox (ƙaramin tarin umarnan Linux) kuma ba a haɗa shi da wannan zaɓi ba, shiga /proc/PID/task (PID ita ce lambar shirin), kowane zare na da jakarsa a can.

A nan ne aka fi zamewa. Mutum ya buɗe fayil ɗin stat, ya ga babbar lamba a gurbi na 14 da na 15, ya ce ya kama ɓarawo. Ai wannan jimillar lokacin furosesa ce da zaren ya ci tun daga tashinsa, kuma da bugun agogo ake ƙirga ta, galibi 100 a daƙiƙa. Karanta sau biyu, da tazarar daƙiƙa biyar misali, ka ɗebe ta farko daga ta biyu. Abin da ya rage shi ne cin zaren na yanzu.

Batun ma'adana (RAM) ya fi damuna, don yana sa a sayi allo mai tsada a banza. Zaruruwan shiri ɗaya rumbunsu ɗaya ne, shi ya sa VmRSS, awon ma'adanar da shirin ke riƙe da ita, ke maimaita lamba guda a jakar kowanne. Wanda ya tara ta zare goma ya ninka gaskiya sau goma. Haka nan megabayit 8 na stack (wurin ajiyar aikin zare) da glibc, laburaren C na Linux, ta saba ware wa kowane zare alkawari ne kawai, ba a taɓa shi sai an buƙata.

Don ka gane su a jerin, raɗa wa kowane zare suna da pthread_setname_np, kada ya wuce harafi 15.

Masu FreeRTOS (tsarin aiki na ƙananan na'urori) kuma, uxTaskGetStackHighWaterMark, mai nuna mafi ƙarancin sararin da ya taɓa rage wa zare a stack, da kalma yake ba da amsa, wato bayit 4 a furosesa mai bit 32, amma a ESP-IDF (kayan rubuta shiri na allunan ESP32) da bayit yake bayarwa. Kuma don Allah kar ka riƙa rubuta awon a katin SD kowace daƙiƙa. Katin zai gaji da wuri, in wuta ta ɗauke ana cikin rubutu fayil ɗin na iya lalacewa. Ajiye awon a /tmp in tmpfs ce (wato a RAM take, ba a katin ba), ka kwafe shi zuwa katin sau ɗaya a awa.